Tambaya da Amsa: Alan Moore, Gwanin Labarin Zane da Ya Cire Sunansa Daga Aikinsa

Wasiƙun da suka taru a teburinmu a wannan karo kusan duk a kan mutum ɗaya suke, wato Alan Moore, Baturen Ingilan nan mai dogon gemu da ya yi suna wajen rubuta labaran zane. Muna nufin littattafan da ake ba da labari da jerin hotuna a cikin gidaje-gidaje, maganar kowa tana cikin da'ira kusa da bakinsa. Mun tace tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yawan cin karo da sunan mutumin nan duk inda ake hirar littattafan zane. Wane ne shi, kuma wace jami'a ya yi har ya ƙware haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, bai taɓa zama a ajin jami'a ba. An haife shi ranar 18 ga Nuwamba 1953 a Northampton, wani gari a tsakiyar Ingila da aka sani da sana'ar takalma, a unguwar talakawa da ake kira Boroughs. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin giya ne, mahaifiyarsa tana aiki a maɗaba'a. A 1970 aka kore shi daga sakandare saboda sayar da ƙwaya, kuma shi da bakinsa yake ba da wannan labari. Ya yi aiki a majema, ya wanke ban-ɗaki, ya zauna a ofis yana cike takardu. A 1979 ya fara zana labarai da hannunsa a jaridar mawaƙa ta Sounds da sunan aro, Curt Vile, da kuma wani ɗan zanen mage mai suna Maxwell the Magic Cat a jaridar garinsu, wanda ya ci gaba da yi har 1986. Da wuri ya gane cewa hannunsa ba shi da sauri a zane, kuma ba zai ci abinci da shi ba. Abokinsa Steve Moore, wanda suna kawai ya haɗa su, shi ya nuna masa yadda ake tsara rubutun da ake miƙa wa mai zane.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce mujallar mako-mako ta 2000 AD. Akwai wani fili a ciki mai suna Future Shocks da ake gwada sababbin marubuta da shi: gajeren labari na shafi biyu zuwa biyar, wanda dole ya ƙare da abin da mai karatu bai zata ba. Daga 1980 ya rubuta irin waɗannan fiye da hamsin. Wanda ya saba gina duniya, ya kawo mutanenta, ya ƙulla rikici ya kuma warware shi a shafi huɗu, ya koyi tsimin wuri ko ya so ko ya ƙi. Duk abin da aka yaba masa daga baya, daga wannan horon ya fito.

A 1982 ya fara labarai biyu a sabuwar mujallar Warrior ta Dez Skinn, wato Marvelman da V for Vendetta. Su ne suka kai sunansa Amurka, har editan kamfanin littattafan zane na DC, Len Wein, ya buga masa waya a 1983 ya ba shi Swamp Thing, labarin wani dodon fadama da cinikinsa ya faɗi warwas. A fitowa ta 21, ta Fabrairun 1984, Moore ya juya labarin a kansa. A da an ɗauka dodon wani masanin kimiyya ne, Alec Holland, da haɗari ya mai da shi tsiro. Moore ya ce a'a, Holland ya mutu tun ranar haɗarin, wannan tsiro ne da ya sha tunanin mamacin yake zaton shi mutum ne. Bai ƙaryata ko ɗaya daga abin da marubutan baya suka rubuta ba, ma'anarsa kawai ya sauya. Wannan dabara ta zama tambarinsa, kuma bayansa ne DC ta shiga ɗauko marubutan Birtaniya irin su Neil Gaiman da Grant Morrison.

TAMBAYA: Ni marubuciya ce, kuma ina da ƙani mai zane. Abin da ban gane ba, idan ba shi ke zana hotunan ba, to mene ne aikinsa? Maganganun cikin da'ira kawai yake rubutawa? Ta yaya ake shirya irin wannan rubutu? Daga wata malama a Maraɗi.

AMSA: Malama, maganar cikin da'ira ita ce mafi ƙanƙantar aikinsa. Littafin zane na manyan kamfanonin Amurka yakan bi ta hannu biyar: marubuci, mai zanen fensir, mai bin zanen da tawada, mai saka launi, da mai rubuta haruffa. Hanya biyu ake bi tsakanin na farko da na biyu. Akwai wadda aka sani da kamfanin Marvel tun zamanin Stan Lee, inda marubuci zai ba da gundarin labari a shafi ɗaya ko biyu, mai zane ya rarraba shi yadda ya ga dama, sannan marubuci ya dawo ya cusa magana. Akwai kuma cikakken daftari, wanda shi Moore yake yi: kowane shafi da lambarsa, kowane gida da lambarsa, a ƙarƙashin kowane gida a faɗi abin da ido zai gani, daga wane ɓangare ake kallo, wa ke kusa wa ke nesa, ina haske yake fitowa, sannan a jera maganar kowa bi da bi.

Nasa daftarin ya wuce misali. Dave Gibbons, wanda ya zana Watchmen, ya ce na fitowa ta farko kaɗai ya kai shafi 101 na bugun tafireta, layi a manne da layi, alhali zanen da aka fitar daga ciki bai kai shafi talatin ba. Sai da Gibbons ya riƙa bi da alƙalamin launi yana ja wa ainihin umarnin layi, don ya raba shi da sauran hira. Moore yakan cika shafi guda yana bayanin gida ɗaya, ya kuma rufe da cewa idan mai zane yana da dabarar da ta fi wannan, ya bi tasa. Ba mu ba ki shawarar ki kwaikwayi tsawon ba. Ƙaninki zai gaji kafin ya kai shafi na uku. Abin kwaikwayo shi ne sanin dalilin kowane abu da kika sa a cikin gida.

Ga matakan da za ki bi. Ki fara da yawan shafuka, domin shi ne iyakar gonarki. Fitowa ɗaya ta littafin zanen Amurka takan kasance shafi 20 zuwa 24. Ki rubuta lambobin a gefen takarda daga sama zuwa ƙasa, kowace lamba ki rubuta a gabanta abin da ke faruwa a layi ɗaya. Idan labarin ya ƙi shiga, nan za ki gane, tun kafin a ɓata tawada. Bayan haka ki yi ɗan zanen kara-zube na kowane shafi, ko da mutanenki sun fito kamar tsinken tsintsiya, don ki ga gida nawa shafin zai ɗauka. Shi ma Moore haka yake yi kafin ya zauna rubutu. Magana ita ce ta ƙarshe.

Akwai lissafin kalmomi da Moore ya ce ya gada daga tsohon editan Superman, Mort Weisinger: kada shafi ya wuce kalma 210. Idan gida shida ne, kowanne 35 ke nan. Idan tara ne, kowanne wajen 23. Da'ira ɗaya kuma kada ta wuce 25. Dalilin a fili yake, duk kalmar da aka ƙara tana cin wurin hoto, har a wayi gari kan mutum kawai ake gani yana leƙowa ta ƙarƙashin tarin rubutu. Ke da za ki yi da Hausa sai kin ƙara tsimi. Gaisuwarmu kaɗai, daga "ina kwana" zuwa "ya gida, ya yara, ya gajiya", za ta cinye gida biyu. Ki bar hoto ya yi gaisuwar, a nuna ta durƙusa, da'ira ta fara daga abin da ya kawo ta. Kuma kafin ki zaɓi salon haruffa a kwamfuta, ki buga Ɓ da Ɗ da Ƙ manya da ƙanana ki gani. Yawancin haruffan da aka ƙera don littattafan zane ba su da masu lanƙwasa, sai ki ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo dabam ya fito kamar baƙo a biki.

Kurakuran masu farawa ba su cika wuce huɗu ba. Na ɗaya, cusa aiki biyu a gida ɗaya. "Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna" gida uku ne, domin hoto daskararre ne, lokaci ɗaya kawai yake iya riƙewa. Na biyu, wanda ya fara magana ya kasance a dama. Ido daga hagu yake farawa a rubutun boko, don haka mai magana ta farko ya tsaya a hagu, in ba haka ba wutsiyoyin da'irori su sarƙe, a karanta amsa kafin tambaya. Na uku, ɓata abin mamaki. Shafi mai lamba mara, kamar 3 da 5 da 7, yana dama, mai lamba cika yana hagu, kuma wanda ya buɗe littafi yana ganin shafi biyu a lokaci guda. Duk abin da kike so ya girgiza mai karatu ki ajiye shi a gidan farko na shafin hagu, yadda sai ya juya takarda zai gan shi. Idan maɗaba'a ta cusa shafin talla guda a tsakiya, duk wannan lissafi ya rushe, saboda haka ki sanar da su tun farko. Na huɗu, kuma wanda ya fi yawa, shi ne rubutu ya maimaita hoto: a zana mutum yana kuka, a kuma rubuta "yana kuka". A nan ne Moore ya fi kowa. Yakan sa maganar wani wuri a kan hoton wani wuri dabam, kowanne yana yi wa ɗayan sharhi, ko ya bar jimlar ƙarshe ta wani zama ta tsallaka ta sauka a gidan farko na zama na gaba, inda take ɗaukar wata ma'ana.

TAMBAYA: Na karanta Watchmen, na ga labarin masu sa rigar jarumta ne kamar sauran. Me ya sa ake ta zuzuta shi? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam, muna zaton ka bi maganganun ne ka bar shafukan. Ka koma ka sake dubawa a hankali. Littafin ya fito kashi 12 daga 1986 zuwa 1987, Gibbons ya yi zane da haruffa, John Higgins ya saka launi. Labarin yana farawa ne a Amurka ta Oktoban 1985 wadda tarihinta ya karkace, Shugaba Nixon yana kan mulki har lokacin, ana dab da yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyet, sai aka jeho wani tsohon jarumi daga saman bene. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: idan da gaske akwai mutanen da ke rufe fuska su fita da dare suna dukan masu laifi, wane irin mutane ne za su kasance? Amsar ba ta da daɗin ji.

Amma ginin ne abin kallo. Kusan kowane shafi a kan awo ɗaya yake, gida tara, uku-uku-uku, kamar ramukan dara. Idan ana son babban hoto sai a haɗe biyu ko uku, ba a karya awon. Amfaninsa shi ne marubuci ya riƙe linzamin lokaci: kowane gida daƙiƙa ɗaya ce mai tsawo iri ɗaya, don haka duk ranar da hoto ya cika shafi, mai karatu yana jin nauyinsa a ƙirji. Dubi shafin farko. Ana farawa da wani ɗan baji mai fuskar murmushi, da ɗigon jini a kai, yana kwance a bakin kwata. Gida bayan gida ido yana ɗagawa sama, titi yana ƙanƙancewa, har a isa tagar da aka jeho mutumin, inda ɗan sanda ke leƙen ƙasa. Bangon littafin ma shi ne gidan farko na labarin.

Kashi na biyar madubi ne. Tsarin gidajen shafi na 1 daidai yake da na shafi na 28 idan an juya shi, na 2 da na 27, haka har a haɗu a tsakiya, shafi na 14 da 15. A kashi na huɗu, wanda ke bin ɗaya daga cikin jaruman, Dr. Manhattan, a duniyar Mars, ana tsalle tsakanin shekaru daga gida zuwa gida, domin shi yana ganin jiya da yau da gobe a lokaci ɗaya, kamar yadda kai ma kake ganin gidaje tara na shafi a kallo guda. A ƙarshen kowane kashi, ban da na ƙarshe, akwai shafukan rubutu zalla da aka shirya kamar takardun cikin duniyar labarin: babin littafin wani tsohon jarumi, rahoton likita, yankan jarida. Kada ka tsallake su, rabin sirrin yana can. Littafin ya ci kyautar adabi ta Hugo a 1988, kuma mujallar Time ta sa shi a jerin ƙagaggun littattafai 100 da ta zaɓa a 2005.

Inda za mu ba ka gaskiya shi ne, masu kwaikwayonsa sun ɗauki duhun da zubar da jinin sun bar ginin, suka cika kasuwa da jarumai masu ɗaure fuska. Wanda ya fara da karanta waɗannan zai iya ganin Watchmen kamar ɗaya daga cikinsu. Shi kansa Moore ya sha kokawa da wannan gado.

TAMBAYA: Na ji an ce ba shi da iko da littattafan da ya rubuta, har ma ba ya son a ambace su a gabansa. Cutarsa aka yi ko sakaci ya yi? Ina tambaya ne domin wani kamfani yana son ya buga nawa littafin. Daga wani marubuci a Kano.

AMSA: Malam, ka yi tambaya a kan gaɓa. A wancan zamani al'adar manyan kamfanonin zane ita ce a biya marubuci kuɗin shafi, shi ke nan, labari da mutanen cikinsa sun zama na kamfani har abada. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A kan haka ne The Ballad of Halo Jones, wanda ya yi da Ian Gibson a 2000 AD daga 1984 zuwa 1986, ya tsaya a littafi na uku alhali tara aka shirya.

Yarjejeniyar Watchmen an ɗauka ta fi wannan adalci. Sharaɗin shi ne haƙƙin mallaka zai koma hannun Moore da Gibbons idan DC ta yi shekara ɗaya ba ta buga littafin ba. A 1986 wannan magana ce mai ma'ana, domin littafin zane kamar jarida yake, wata ɗaya ya yi a kanti ya wuce. Sai aka haɗe kashi 12 ɗin a kundi ɗaya a 1987, ya yi ta sayuwa, kuma daga ranar har yau ba a daina buga shi ba. Wa zai bar saniyar da ke ba shi nono kullum ta fita daga garke? Kamfanin bai karya harafi ɗaya na takardar ba, nasarar littafin ce ta kulle ƙofar. V for Vendetta, wanda DC ta ƙarasa bugawa a kashi 10 daga 1988 zuwa 1989, irin wannan tarkon ya faɗa. Aka ƙara da rigimar wasu bajoji na Watchmen da aka sayar amma aka kira su kayan talla don kada a biya kamasho, da saɓani kan shirin manna wa littattafai alamar shekarun masu karatu. Kafin 1990 ya raba gari da DC.

Abin bai ƙare a nan ba. A 1999 ya kafa jerin America's Best Comics a ƙarƙashin kamfanin WildStorm na Jim Lee, inda Promethea da Tom Strong da Top 10 suka fito. Kafin a fara bugawa Lee ya sayar da kamfanin, kuma DC ce ta saya. A 2012 DC ta fitar da Before Watchmen da wasu marubuta ba da yardarsa ba. Da Marvel ta sake buga Miracleman, wato tsohon Marvelman, daga 2014, ya ce a cire sunansa, sai aka rubuta "marubucin asali" a gurbinsa.

Ga abin da za ka duba a taka takardar. Kada komawar haƙƙinka ta rataya a kan abin da ke hannun kamfani. "Idan an daina bugawa" magana ce da ba ta da rana, balle yanzu da ajiye littafi a intanet ma ana iya kiransa bugawa. Ka nemi wa'adi na shekaru, biyar ko bakwai, ko kuma adadi: idan cinikin shekara ya gaza kwafi kaza, haƙƙi ya dawo. Ka ware haƙƙin buga littafi da na fim, da na fassara, da na karantawa a rediyo, kowanne da farashinsa. A rubuta wa ke da ikon yin ci gaban labarin da mutanen cikinsa. A rubuta abin da zai faru idan an sayar da kamfanin. A rubuta kamashon duk wani kaya da aka sayar da sunan littafin, kowane suna aka ba shi, tare da 'yancinka na ganin lissafin ciniki. Idan kuna biyu da mai zane, ku rubuta rabonku tun kuna shiri da juna. Sannan ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba.

TAMBAYA: Na kalli finafinan da aka yi daga littattafansa, ban ga sunansa a wasu ba. Me ya sa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Shi ya ce a cire, Malama. Na farko biyun, From Hell na 2001 da The League of Extraordinary Gentlemen na 2003, ya karɓi kuɗinsu ya kau da kai. Na biyun ya jawo shari'a, inda wani marubucin fim da wani furodusa suka kai kamfanin Fox ƙara, shi ma aka zaunar da shi ana yi masa tambayoyi na sa'o'i. Daga nan ya yanke cewa ba sunansa, ba kuɗi, a ba masu zane kasonsa. Shi ya sa a fim ɗin V for Vendetta mai zanen littafin, David Lloyd, kaɗai aka ambata, a Watchmen na 2009 kuma Gibbons kaɗai.

Ƙorafinsa na sana'a ya fi na kuɗi ƙarfi. Mai karatu yana iya tsayawa a gida ɗaya minti biyar, ya koma baya shafi ashirin ya gwada hoto da hoto, mai kallon fim kuwa gudu ake yi da shi. From Hell misali ne mai kyau. Littafin, wanda Eddie Campbell ya zana baƙi da fari, ya wuce shafi 500, a kan kashe-kashen matan unguwar Whitechapel ta Landan a 1888. Tun a farkon littafin ake nuna maka wanda labarin ya ɗora wa kisan, likitan gidan sarauta William Gull, domin abin da ake tonawa shi ne talauci da mulki da halin da mata ke ciki a birnin. A bayan littafin akwai dogon bayani shafi bayan shafi, inda Moore ya raba abin da ya samu a tarihi da abin da ya ƙaga. Fim ɗin ya mai da shi wasan "wa ya yi kisan". Fuskar nan ta Guy Fawkes da masu zanga-zanga ke sawa a duniya kuwa, dabarar Lloyd ce a littafin V for Vendetta, daga mutumin da ya so tarwatsa majalisar Ingila a 1605, kuma fim ɗin wannan littafi ne ya yaɗa ta.

TAMBAYA: Ashe yana rubuta littattafan zube? Da wanne zan fara? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

AMSA: Yanzu ma su kaɗai yake yi, domin ya rufe aikin zane a 2019 da kashin ƙarshe na The League of Extraordinary Gentlemen, wanda suka shafe shekara ashirin suna yi da Kevin O'Neill. Na farkonsa shi ne Voice of the Fire na 1996, babi 12, kowanne da bakin wani mutum dabam, duk a yankin Northampton, daga wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa 1995. Babin farko ne ke korar mutane, domin da bakin wani yaro na zamanin da aka rubuta shi, mai 'yan kalmomi kaɗan, wanda bai san bambancin mafarki da ido biyu ba. Idan ya gagare ka, fara daga babi na biyu ka dawo masa daga baya.

Jerusalem na 2016 dutse ne: kalma wajen 600,000, shafi fiye da 1,200, kashi uku, kuma kusan dukansa a cikin 'yan layukan unguwar da aka haife shi. Kashi na tsakiya ya fi sauƙi, yana bin wani ƙaramin yaro da alewar tari ta shaƙe shi a 1959. A kashi na uku kowane babi da salonsa, wani wasan kwaikwayo, wani waƙa, wani kuma da karyayyen Turanci na ganganci a kan Lucia, 'yar marubuci James Joyce, wadda ta ƙare rayuwarta a wani asibiti a garin. A ganinmu littafin yana buƙatar almakashin edita. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙirga kalma 210 a shafi, da ya samu sake, bai san inda zai tsaya ba. Ka fara da gajerun labaransa na Illuminations, 2022, ko The Great When na 2024, na farko a jerin biyar da ya shirya a kan Landan, wanda ke bin wani saurayi mai aiki a shagon tsofaffin littattafai a 1949.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 12 yana son littattafan zane. In saya masa na wannan mutumin? Na kuma ji ana cewa matsafi ne. Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Kada ki saya masa, Hajiya. Zane ba ya nufin na yara ne. Watchmen da V for Vendetta da From Hell duk akwai kisa da tsiraici da cin zarafin mata a cikinsu, kuma yawan wannan na ƙarshen yana cikin manyan sukar da ake yi wa aikinsa. Batman: The Killing Joke na 1988 ya fi yaudarar iyaye, saboda sunan Batman da ke bango, alhali shi kansa Moore ya ce daga baya mugun tashin hankalin da ke ciki ya wuce abin da labarin zai iya ɗauka. Maganar tsafi kuwa shi ya faɗa da bakinsa. A 1993, ranar da ya cika shekara 40, ya sanar cewa ya zama mai sihiri, kuma yana kallon rubutu da fasaha a matsayin sihirin. Wannan aƙida ta cika Promethea, musamman daga tsakiyarsa, har labarin ya koma darasi. Mafi sauƙin abin da ya rubuta shi ne Tom Strong, labarin kasada irin na da, amma ko shi ki buɗe ki duba shafi-shafi da kanki kafin ki miƙa wa yaron.